Jikka Uku da Dakalin Baban Raliya

Tsaga ɗaya ce fa. Tsaga ɗaya tak a bangon banɗaki, wadda ko ɗan yatsana ba ya shiga cikinta. Ita na kira magini ya toshe, ita ce ta ci mini kwana goma da jikka tamanin, kuma har yau in na ba da labarin sai a ce ƙari nake yi. Wallahi ko gishiri ban sa ba.

Ni ce Madam Salima ta unguwar Lamorde a Yamai. Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi a lakol, makarantar boko, kafin in huta, saboda haka kada wani ya ce mini an cuce ni ne don ban iya ƙirga ba. Na iya. Iyawar ce ma ta ƙara ƙona mini rai.

Gidan da nake ciki maigidana ne ya gina shi, Baban Raliya, Allah ya jiƙansa. A gidan waya ya yi aiki har ya tsufa, amma a ransa shi magini ne, kuma ba wanda ya isa ya faɗa masa gaskiya. Duk Lahadi sai ya tuɓe riga ya kwaɓa siminti. Abin da ya gina kuwa ba wanda ya tsaya daidai. Ƙofar gida sai ka yi mata shuri take buɗewa. Indararo a kan mai shigowa yake zuba. Babban abin kunyar shi ne dakalin da ya yi mana a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya: gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa, ga santsi. Shi kullum a gefen ƙasa yake zama da rediyonsa. Ni in na zauna a sama da farantin tsince shinkafa, kafin a gama labaran yamma na zame na zame har kafaɗata ta daki tasa. Shekara talatin ina zaginsa a kan dakalin nan, shi kuma yana cewa siminti ne ba shi da kyau. Tun da ya rasu ban sake zama a kai ba, amma kuma ban yarda ko tukunya a ɗora masa ba. A duk gidan shi kaɗai ne in na kalla nake ganin mutumin.

Maginin da aka turo mini sunansa Malam Zailani, mutumin Tahoua, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar ana biyansa kuɗin kowace kalma. Ya shigo da sallama, ya ajiye jakar kayan aikinsa, tun bai tambayi inda tsagar take ba idonsa ya faɗa kan dakalin. Ya ce a karkace yake. Na ce na sani, ba shi na kira shi ya gani ba, kuma in yana son mu rabu lafiya kada ko inuwarsa ta taɓa shi. Ya ce to.

Muka yi ciniki. Shi ba ya aiki da jinga, da yini yake yi: jikka bakwai, sefa dubu bakwai ke nan, kuɗi a hannu kafin magariba. Na ce aikin ai na awa biyu ne. Ya ce yini ba ya rabuwa, in ya zo ya zo ke nan. Na yi tsaki na amince. Ya toshe tsagar kafin hantsi, sauran yinin ya ƙare shi yana shafa ta da cokalin gini, don bai yarda a biya shi yini guda ya tashi da rana tsaka ba.

Da la'asar sakaliya na ɗauko ambulan ɗin fanshona. Injin banki ba ya ba mutum komai sai ƴan jikka goma-goma, sababbi ƙal. Na miƙa masa ɗaya na ce ya ba ni jikka uku. Ya lalube aljihun gaba, ya lalube na baya, ya cire hula ya duba ciki. Goro rabi ne kawai da ƙusa biyu.

Na tafi wajen Yacouba mai butik, ɗan kantin nan na bakin layi. Farkon wata ne, an yi albashi, kowa a Yamai yana yawo da jikka goma kamar layar tsari, ba mai iya fasa wa wani. Yacouba ko karɓar takardar bai yi ba, hannuwa ya ɗaga sama. Ya ce in ina so ya ba ni canjin da minti da dunƙulen magi. Na ce ya lissafa mini mintin jikka goma in ya isa, sai ya ɗauko biro zai fara. Na bar masa butik ɗin.

Na dawo na ce wa Malam Zailani ya kawo lambar salularsa in tura masa kuɗin ta waya. Ya ce shi kuɗin da bai ji shi a tafin hannu ba bai san da zamansa ba. Na ce to ya riƙe goman duka, na yafe masa ukun. Nan ne na ga mutumin ya canja fuska. Ya ce shi ɗan sana'a ne, ubansa ɗan sana'a ne, ba a taɓa ba wani a zuriyarsu sadaka ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Da wata ce sai ta ce ya tafi, gobe ya dawo ya karɓi bakwansa. Ni ba zan iya ba. Baban Raliya ya kafa doka a gidan nan tun muna amarya da ango, cewa hakkin ma'aikaci ba ya kwana a ɗakinmu, kuma ban taɓa karya ta ba yana raye balle yanzu.

Muka tsaya muna kallon juna, ladan yana gyaran murya. Can sai ya ce ya samo mafita.

"Zan tafi da goman, Madam. Gobe in dawo in biya ki jikka ukunki da aiki."

Na ce madalla. Ni da na koyar da lissafi shekara ashirin da shida, na ce madalla.

Washegari tun bakwai ga shi. Na tambaye shi ko ya fasa takardar a hanya ya zo mini da canjina. Ya ce matarsa Fa'iza a bakin ƙofa take karɓar kuɗin yini, kuma tun da suka yi aure bai taɓa sake ganin takardar da ta shiga hannunta ba. Ya zagaya gidan yana neman aiki, ya tsaya gaban dakalin, na yi gyaran murya, ya wuce. Ya kama dokin ƙofar madafa ya fasa ya sake. Da azahar na ce aikin jikka uku ai ya cika, ya tafi. Ya ce yini ba ya rabuwa. Da yamma ya wanke hannu ya tsaya ya yi mini lissafi: yinin yau bakwai, a cire ukun da nake binsa, saura huɗu zan ba shi. Na buɗe ambulan. Goma ce ta kalle ni. Na ba shi, ya zama yana riƙe da jikka shida nawa, ya ce kada in damu, gobe zai zo ya biya.

A rana ta uku jikka ɗaya tak ta rage a kaina. Jikka ɗaya! Na bi gidajen layinmu kaf. Wata ta ce yanzun nan ta ba mai gawayi, wata ta fito da tata goman tana tambayata ko ni zan fasa mata. Mai cire kuɗi ta waya ya buɗe mini akwatinsa in gani da idona, duk goma-goma. Na dawo na miƙa takarda ta uku saboda jikka ɗaya, raina kamar ya fita. Ranar ya gyara ƙofar gida. Da na zo shiga na yi mata shurin da na saba, ta buɗe ba gardama, na tafi luu na faɗa cikin yashinsa.

Bayan ya tafi na ɗauko alli na zauna gaban bangon madafa na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Bakwai a yini, goma a takarda: ba za su haɗu ba sai a saba'in. Kwana goma ke nan, takardu bakwai. In ban sami ƙananan kuɗi ba, sai rana ta goma zan rabu da mutumin nan. Sannan na zagaya gidan ina ƙirga abin da ya rage na gyara. Indararo, matakalar soro, akurkin kaji, gindin famfo. Huɗu. Kwanaki kuwa saura bakwai. Na juya na kalli dakalin, don na san inda lissafin ya nufa.

Rana ta biyar ita ce damata, domin jikka biyar cif zan ba shi mu rabu. Na yi sammako zan haye gadar kogi in je babbar kasuwa neman canji. Taksi uku na tsayar. Kowane direba kafin ya amsa gaisuwa sai ya tambaya ko da canji, in na nuna goman sai ya ja motarsa. Da ƙafa na haye gadar, ni da gwiwata mai ciwo, rana tana dukana, ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro jikka goma. A kasuwa na sayi bokitin roba da ba na bukata da wani gyale mai launin da ko a mafarki ba zan yafa ba, don kawai a ba ni canji. Aka ba ni ƴar jikka biyar ɗaya. Na ƙulle ta a bakin zane na dawo ina murmushi ni kaɗai a hanya.

Da yamma na miƙa masa ita da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya duba ta a hasken rana, ya juya bayanta. Ashe ta taɓa yagewa a kusurwa an manne ta da gam. Ya ce ba mai karɓar wannan a Yamai, in ya kai wa Fa'iza ita a waje zai kwana. Na ce kuɗin gwamnati ne. Ya ce to in kai wa gwamnati. Abin da na faɗa masa ranar ba zan maimaita ba, na dai nemi gafarar Allah daga baya. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi sabuwar goma, ya ce Allah ya huci zuciyar Madam, sai da safe.

Daga nan gidan ya fara zama na wasu. Indararo ya koma zuba a kwata. Matakala ta daidaita har na riƙa tuntuɓe a inda ƙafata ta saba samun gajeren tsani. Akurki kuwa ya yi masa shafe ciki da waje, ya fitar masa da kusurwa huɗu, ya yi masa ƴar taga. Kajin suka zo suka leƙa suka ƙi shiga, tun ranar a kan darbejiya suke kwana. Da aiki ya ƙare masa sai ya koma kan tsagar ranar farko, ya ce ya duba aikin bai gamsar da shi ba, ya farfasa ya sake. Na ce ya share tsakar gida mana in aiki yake nema. Ya ce shi magini ne. Na ce ga bangon maƙwabciyata can yana zubewa. Ya ce ba maƙwabciyata ke binsa ba. A rana ta tara ya gina matakala mai hawa uku a jikin katangar baya, wadda ba ta kai mutum ko'ina. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce wata rana za a yi ƙofa a wurin.

Kuma kowace safiya, kafin ya ajiye jaka, sai ya tsaya gaban dakalin ya karkata kai yana kallonsa, kamar mahauci a gaban rago. Ɗiyata Raliya ta kira daga Maradi inda take aure, na ba ta labari, ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce in bar shi ya gyara mana, ai ni ce kullum nake zagin dakalin. Na kashe wayar. Ba ta fahimta ba, ni ma kuma ba zan iya yi mata bayani ba.

A rana ta tara da yamma na ba shi takarda ta bakwai. Ya zama jikka bakwai nake binsa, yini guda cif. Gobe ya yi aikinsa, ba ni ba shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya duba gidan sama da ƙasa, abu ɗaya ne ya rage, kuma zai zo da babbar guduma.

Da safe, wai don a ƙara mini haushi, sai ga Yacouba da kansa ya yi sallama, yana washe baki. Ya samo mini canji, ƴan jikka ɗai-ɗai guda goma. Yau da ba mai bina kuɗi, yau da ni nake bin aiki. Na karɓa na ba shi goma ɗaya daga ambulan, na ƙulle su a bakin zane, ko godiya ban yi ba.

Malam Zailani ya shigo da gudumar a kafaɗa. Ya tarar da ni tsaye a gaban dakalin da muciya a hannu. Na ce masa na yafe bakwan, in kuma yafiya zagi ce a gidansu to ya ɗauka na zage shi. Ya ce ba zai mutu da kuɗin baiwar Allah a wuyansa ba. Na ce ni ma ba zan rayu in ga guduma a kan dakalin nan ba. Kaji suna kallonmu daga bisa itace.

Ya ajiye gudumar. Ya ce to in bar shi ya auna kawai, awo ba ya fasa komai. Ya ciro nibo, ɗan katakon nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya da suke gane daidaito da shi, ya ɗora a gefen sama. Ya duba. Ya matsar da shi tsakiya, ya duba. Ya kai shi gefen ƙasa. Ya sake komawa farko. Sannan ya durƙusa ya kwantar da kumatunsa a kan simintin yana hango tsawonsa da ido ɗaya, ya shafa da tafin hannu, ya leƙa gefe yana bin wani siririn layi da farce. Ya daɗe a haka har na fara jin muciyar ta yi mini nauyi.

"Madam, wa ya yi wannan?"

"Maigidana. Bai iya ba, na sani. Ba sai ka faɗa mini ba."

"Wanda bai iya ba, aikinsa tudu da kwari yake yi. Wannan yatsa biyu yake sauka a kowane kamu, daga farko har ƙarshe, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ga sawun igiyar da ya ja nan. Kuma ya goge saman da garin siminti zalla don ya yi santsi, sai nan ƙarshe, wajen zaman mutum ɗaya, ya bar shi da kaushi." Ya ɗago ya dube ni. "Da gangan aka yi shi. Me ake gangarowa da shi?"

Muciyar ta faɗi daga hannuna. Shekara talatin! Shekara talatin ina zamewa ina zagi, mutumin nan yana riƙe da rediyo yana cewa siminti ne ba shi da kyau, ashe jirana yake in iso. Munafuki. Tsohon munafuki, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Na yi kuka a gaban magini kamar yarinya, kuma ban ji kunya ba. Kewarsa ce ta taso mini gaba ɗaya, irin wadda ban ji ba ko ranar da aka fita da shi.

Malam Zailani ya juya baya yana ta gyara igiyar jakarsa har na share fuska. Sannan ya ce shi ba ya fasa aikin gwani. Amma ruwan damina ya ci gindin dakalin ta baya, in aka bar shi shekara biyu zai zauna, gangaren ya lalace. Wannan zai gyara, ba zai taɓa saman ba. Na ce ya gyara.

Yini guda ya yi a kai, kuma ranar ce kaɗai na ga yana aiki kamar yana jin tsoron abin. Ya tona kaɗan, ya cusa duwatsu, ya auna, ya cika, ya sake aunawa. Ko abincin rana a tsaye ya ci. Ni kuma na kawo kujera na zauna ina ba shi labarin Baban Raliya, wanda bai tambaye ni ba.

Da la'asar ya wanke cokalinsa ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce akwai magana. Tsayar da abu daidai kowane magini ya iya, shi ne jikka bakwai. Amma riƙe karkace a kan karkacensa aikin gwaninta ne, kuɗin yininsa takwas ne, ko'ina aka je a garin nan. Saboda haka saura jikka ɗaya a kaina.

Hannuna yana kan ƙullin bakin zanena. Ƴan jikka ɗai-ɗai har goma suna ciki, ina jin su. Kwancewa kawai zan yi in zaro ɗaya, in rufe ƙofata da ba ta bukatar shuri, in zauna a gidan da komai ya miƙe.

Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan na ba shi goma.

Ya ce ba shi da canji. Na ce na sani, ya zo gobe. Ya ce ai ba sauran aiki a gidan. Na ce akwai: ƙofa, da indararo, da matakala, duk ya mayar da su yadda ya same su, wa ya sani ko su ma da abin da mutumin yake nufi. Ya dubi ƙofar, ya dubi indararon.

"Waɗancan kam, Madam, rashin iyawa ne."

"Na ce ka mayar."

Ya ce to, amma aikin karkace ne, takwas-takwas. Ya saɓa gudumarsa ya fita.

Na ɗauko farantin shinkafa na je na zauna a gefen sama, karo na farko cikin shekara biyu. Ban yi komai ba, tsinta kawai nake. A hankali na ji zanena yana tafiya. Na zame, na zame, na wuce tsakiya, na wuce inda kafaɗata ta saba tsayawa, har na isa wurin nan mai kaushi, ya riƙe ni. Nan na zauna har aka kira magariba.